Ina Arlit Take, Kuma Mutum Nawa ne a Cikinta?



Mai girma shugaban wannan zama, masu martaba sarakunanmu da hakimai, malamai magada annabawa, masu unguwanni, iyayenmu mata, tsofaffin ma'aikatan ma'adinai da waɗanda ke bakin aiki har yanzu, ƴan kasuwa da direbobi, ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan haɗuwa suka ba ni dama, da ku da kuka baro sana'o'inku kuka zo sauraro. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maganar da aka ɗora mini yau tambaya biyu ce, irin wadda malamin firamare yake yi wa yara: ina garinku yake, kuma mutum nawa ne a cikinsa? Na san wani zai ce a ransa, ashe don wannan aka tara mu cikin zafin nan? A yi mini haƙuri kaɗan. Abin da nake so mu tabbatar kafin mu tashi shi ne, duk garin da bai riƙe amsar tambayoyin nan biyu a hannunsa ba, wasu ne za su riƙa amsawa a madadinsa, kuma gwargwadon amsarsu ake yanka masa rabonsa na ruwa, da makaranta, da asibiti. Arlit ta fi kowane gari a Nijar buƙatar jin wannan magana, domin tun ranar da aka kafa ta wasu ne suka zaɓa mata wurin zama, wasu ne kuma suka ƙayyade waɗanda za a lissafa a cikinta. Zan bi maganar daki-daki, batu shida.

Batu na farko: abin da ƙaramin ƙauye ya riƙe a hannunsa

Bari mu fara daga nesa sannan mu dawo gida. A ƙasar Ingila akwai ƙauyukan da mutanensu ba su kai na layi biyu a unguwarmu ta Bukkoki ba: coci ɗaya, gonaki, da gidaje ƴan kaɗan. Amma duk wanda ya nemi labarin irin wannan ƙauye, a littafi ko a intanet, abin da zai fara tararwa shi ne gundumar da yake ciki, da nisansa daga gari mafi kusa, da yawan mutanensa a ƙidayar ƙarshe. Wannan ɗabi'a tana da dogon asali. A 1086 Sarki Wiliyam ya baza mutanensa suka rubuta wurare fiye da 13,000, da gonakinsu da garmunansu da masu aiki a cikinsu, a kundin da ake kira Domesday. A 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Daga 1801 kuma suka riƙa ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma, ba su tsallake ba sai 1941 saboda yaƙin duniya na biyu. Gaskiya ne, Sarki Wiliyam haraji yake nema. Sai dai takardar da aka rubuta don karɓa, daga baya ita ce ta zama hujjar nema. Yau ɗan ƙauyen da ke son a gyara masa gada ko a bar masa makaranta a buɗe, da lambobi yake zuwa gaban hukuma.

Kada wani ya ɗauka yabon Turawa na zo yi. Mu ma muna da namu. Nijar ta yi ƙidayar jama'a sau huɗu: 1977, 1988, 2001 da 2012. Bayan ta 2012, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin da ake kira RENALOC, wanda ya jera unguwanni da ƙauyuka da tungaye da zanguna da mashaya, da yawan gidaje da mutanen kowane ɗaya. Tambayata ita ce, a cikin zauren nan mutum nawa ne suka taɓa buɗe shi suka duba abin da aka rubuta a kan unguwarsu ko rijiyar kakanninsu? Kundi yana nan, masu shi ne ba su san da shi ba. Bambancinmu da wancan ƙauye ke nan.

Batu na biyu: ina Arlit take?

A taswira amsar gajeriya ce. Arlit tana yamma da duwatsun Abzin, a bakin sararin Sahara, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, kimanin 200 kafin Asamaka a kan iyakar Aljeriya, kuma kusan 1,200 daga Yamai ta hanyar mota. Amma abin dubawa shi ne dalilin da ya sa take nan. Garuruwan da muka gada, ruwa ne ko hanya ta kafa su. Agadas mahaɗar ayari ce a gefen koramar Telwa. Timiya da Iferwan lambuna ne a cikin kwarin duwatsu. Ingal tana da dabino da makiyaya mai gishiri, Bilma tana da gishirinta. Kowane ɗayansu mutane ne suka duba ƙasa suka ce a nan za a iya rayuwa. Arlit kuwa injin haƙa ne ya nuna wurinta. An fara ganin yuraniyom a Azelik a 1957, masu binciken Faransa suka ci gaba da laluben yankin cikin shekarun 1960, aka kafa kamfanin haƙa na SOMAIR a 1968, gari ya tashi a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. Aka kafa na biyu, COMINAK, a 1974, ta fara aiki a 1978, aka gina Akokan don ma'aikatanta. Ba a tambayi ruwan sama ba, wanda a nan ba ya kai milimita 100 a shekara. Ba a tambayi ƙasar noma ba.

Garin da aka kafa haka, duk abin rayuwarsa daga nesa yake zuwa. Wutar lantarki daga kwal ɗin Anu Araren take tasowa, kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke aiki. Ruwan sha daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ruwan da ya taru shekaru dubbai da suka wuce lokacin da Sahara take da dausayi, kuma damina ba ta mayar da abin da ake ɗiba. Gero da masara daga kudu, taliya da dabino da man girki daga arewa, kayan lambu daga cikin Abzin. Hanyar da ta haɗa mu da Agadas da Tawa, mai tsawon fiye da kilomita 600, sunan da aka sa mata ma hanyar yuraniyom, domin an shimfiɗa ta ne don kaya su isa tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin. Direbobinmu da ke nan sun fi ni sanin yadda ta koma. Kun kuma ga abin da ya faru bayan Yulin 2023, da iyakar Benin ta rufe: hanya ɗaya ta toshe, aikin ma'adini ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Saboda haka idan aka ce ina Arlit take, cikakkiyar amsa ita ce: tana wurin da kowace kilomita kuɗi ce, wani lokaci ma rai ce. Mai naƙudar da aka ce sai Agadas, ita ta san tsawon kilomita 240. Duk wanda zai tsara wa wannan gari kasafi da ma'aunin da yake tsara wa garin da ke gefen kwalta a Maraɗi ko Dosso, ya zalunce shi ko da bai yi niyya ba.

Batu na uku: abin da lambobi suka faɗa

Yanzu mu buɗe takardun ƙidaya. A 1977 an samu mutum dubu 10 da ƴan kai a garin Arlit. A 1988 sun haura dubu 32. A 2001 sun kusa dubu 69. A 2012 sun kusa dubu 79. Ƙaramar hukumar Arlit baki ɗaya tana da mutum 79,725 a wannan shekara, gundumar kuwa, idan aka haɗa da Dannat da Gugaram, 105,025. Ku riƙe lambobin nan, akwai labari biyu a cikinsu.

Labari na farko yana tsakanin 1977 da 2001. Gari ya ninka sau uku cikin shekara goma sha ɗaya, ya sake ninkawa sau biyu cikin shekara goma sha uku. To, me ke faruwa da yuraniyom a lokacin? Abin da Nijar ke fitarwa ya kai ƙololuwa a 1981, sama da tan 4,000, daga nan farashi ya karye a kasuwar duniya, kamfanoni suka rage ma'aikata. Wato a daidai lokacin da ma'adini ke ja da baya, gari yana ta cika. Su wane ne suka cika shi? Makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya karkashe wa dabbobi, suka matso kusa da famfo da asibiti. Ƴan kudu daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da suka zo da tireda da ɗinki da gini da sayar da abinci. Masu motocin Tamanrasset. Da kuma ƴaƴan da aka haifa a nan, waɗanda ba su san wani gari ba. Wannan ya nuna cewa tun shekaru arba'in da suka wuce Arlit ta fi ƙarfin a kira ta sansanin ma'aikata.

Labari na biyu yana tsakanin 2001 da 2012, kuma shi ne ya fi tayar da hankali. Cikin waɗannan shekaru jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 11 zuwa miliyan 17, ƙarin da ya haura rabi. Da Arlit ta bi sahun ƙasa, da ta wuce dubu 100. Sai ga shi dubu 10 kawai ta ƙara. Haihuwa kaɗai ta isa ta ba da fiye da haka. To, ina sauran? Ɗayan biyu ne, ko duka biyun: ko dai mutane sun fara barin gari tun kafin a rufe ko kamfani ɗaya, ko kuwa akwai waɗanda alƙalamin mai ƙidaya bai kai kansu ba. In na farko ne, gargaɗi ne da ya zo mana da wuri. In na biyu ne, to shekara da shekaru ana yanka mana rabo da ƙaramin mudu. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ku tuna, duk wannan kafin zinariyar Jado da Cibarakaten ta 2014 ne, kafin Gidan Daka ya cika da masu niƙa dutse, kafin a rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, inda ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Garin da aka ƙirga a 2012 ya sauya kama sau biyu ko uku tun daga lokacin, amma har yau lambarsa ake ɗorawa a kan tebur.

Batu na huɗu: waɗanda suka fi saurin faɗuwa daga lissafi

Tun farko Arlit gari biyu ce a wuri ɗaya. Akwai unguwannin kamfani, masu layuka a miƙe, da lamba a kowace ƙofa, da ruwa da wuta da asibiti, har aka riƙa yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗinsa a kan Arlit. Akwai kuma garin da ya tsiro a gefe, wanda sunan Bukkoki kaɗai ya isa ya ba da tarihinsa. Mutumin unguwar kamfani an san shi da matarsa da ƴaƴansa, domin yana da lambar aiki. Mutumin ɗaya ɓangaren fa? Shi ne mai kawo itace, mai wanki, mai gadi, mai dakon kaya, kuma sau da yawa ba shi da ko takardar haihuwa. Ƙa'idar da aka gina garin a kanta ita ce, wanda ke cikin littafin albashi shi ne ke cikin lissafi. Wannan tunani bai gama fita daga kawunanmu ba.

Rukuni na biyu su ne masu ƙasar tun asali. Kafin a zo da injin farko, Abzinawa suna kiwo a filayen Talak da Tamesna, sun san kowace rijiya da sunanta. Jihar Agadas ta haura murabba'in kilomita dubu 660, fiye da rabin Nijar, amma a 2012 mutum 487,620 aka ƙirga a cikinta, wato bai kai mutum ɗaya a kowace murabba'in kilomita ba. A irin wannan fili zangon da ke da tanti biyar yana iya ɓacewa daga takarda don kawai motar masu ƙidaya ba ta bi ta korama tasu ba, ko ta iso sun tashi. Alhali su ne suka fi kusa da ramuka da rijiyoyin haƙa, su ne kuma filin kiwonsu ke raguwa duk lokacin da aka shata sabon wuri kamar Imuraren, kilomita 80 kudu da nan.

Rukuni na uku su ne masu wucewa: waɗanda ake korowa daga Aljeriya ana sauke su kusa da Asamaka, da masu neman zinariya, da matan da ke zuwa ci-rani da yaransu. Wani zai ce ai baƙi ne, me ya haɗa su da lissafinmu? Baƙo yana shan ruwa. Baƙo yana kwanciya a gadon asibiti. Ku duba ma wani abu: a takarda Asamaka tana ƙarƙashin Ingal, amma motar da ta taso daga can Arlit take fara sauke mutane. Nauyi yana kan wannan gari, lissafi yana wani wuri.

Batu na biyar: abin da lamba take sayowa

Wataƙila har yanzu wani yana ganin maganar ta ƴan boko ce. Bari mu sauko da ita kasuwa. Da lambar jama'a ake ƙayyade ajujuwa nawa za a gina da malamai nawa za a turo. Da ita ake auna allurar rigakafi, da buhunan hatsin da za a sayar da rahusa lokacin tsada, da kujerun majalisar gari. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Ranar da za a zauna rabon wannan kuɗi tsakanin Arlit da Dannat da Gugaram da Timiya da sauransu, da me kowane magajin gari zai kare kasonsa in ba da yawan mutanensa ba? Haka maganar ruwa. Tunda ruwan ƙarƙashin ƙasar nan ajiya ce mai ƙarewa, wajibi ne a san baki nawa ke sha, da nawa za su sha nan da shekara ashirin. Mai gidan da bai san yawan iyalinsa ba, ba zai san ranar da rumbunsa zai ƙare ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi, wato lafiya. COMINAK ta fitar da yuraniyom kusan tan dubu 75 a tsawon rayuwarta, ta bar tarin ragowar ƙasar da aka tace mai nauyin kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan. Ƙungiyar Aghirin'man ta nan garin ta daɗe tana magana a kan ƙura da ruwa da tsofaffin ƙarafan da suka shiga kasuwa da gidaje. Masu binciken ƙungiyar CRIIRAD sun zo a 2003, na Greenpeace sun zo a 2009, suka ce sun auna tururin guba sama da ƙa'ida a wasu wurare. Kamfani yana da tasa amsar da nasa awon. Amina Weira, ƴar wannan gari, ta ɗauki muryoyin mutane a fim ɗinta na 2016. To, wa zai raba gardama? Likita ba zai iya cewa wata cuta ta yi yawa a Akokan ba sai ya san mutum nawa ne a Akokan, shekarunsu nawa, nawa suka rasu, kuma da wane ciwo. Tsohon ma'aikacin da ya koma garinsu a kudu ya rasu can, in ba a rubuta ba, ya fita daga hujja. Rashin rajista ba ya wanke kowa, ba ya kuma kama kowa. Abin da yake yi shi ne ya bar marayu da zato. Yanzu da gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa a watan Yunin 2025, wannan nauyi ya ƙara dawowa kanmu, domin babu sauran wanda za a jira ya ɗauka.

Batu na shida: amsa ga masu ja

Na san akwai ja, kuma masu jan suna da dalilansu. Wasu dattawanmu suna cewa ƙirga mutane ko dabbobi yana kore albarka. Wannan tsoro yana da tushe: a zamanin mulkin mallaka duk wanda aka rubuta sunansa, haraji ne ke biye da shi, ko jangali, ko aikin tilas, don haka ɓoye ɗa da raƙumi ya zama hikima. Amma malamanmu da ke zaune nan sun san ruwayar Huzaifa a cikin Bukhari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka samu 1,500. Sun kuma san Sayyidina Umar ya kafa diwani don kowa ya samu rabonsa daga baitulmali. Addini bai hana lissafi ba. Abin da ya hana shi ne zalunci da lissafi, kuma maganin wannan shi ne mu sa ido a kan takardar, mu san abin da aka rubuta.

Wasu kuma suna cewa, me za a yi da ƙidayar garin da ranar mutuwarsa ke rubuce? Ma'adini zai ƙare, kowa ya kama gabansa. Wannan ja ba abin rainawa ba ne. A Kanada akwai garin da ake kira Uranium City, mai dubban mutane, da aka rufe ma'adininsa a 1982 ya koma bai kai mutum 100 ba. A Gabon, Munana ta shiga ƙunci bayan an daina haƙa a 1999. Ba sai mun je nesa ba ma: Takadda, garin tagulla da Ibn Battuta ya sauka a 1353, kufanta yana Azelik, daidai wurin da aka fara ganin yuraniyom. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai lambobin da muka karanta ɗazu sun nuna Arlit ta riga ta tsaya da ƙafa fiye da ɗaya: tana kan hanyar Aljeriya, ita ce kasuwar makiyayan arewa da masu lambun Abzin, ita ce mashigar masu zinariya. Wace ƙafa ce ta fi ƙarfi? Gida nawa ke ci daga ma'adini, nawa daga mota, nawa daga kasuwa? Ba za a sani ba sai an ƙirga. Kuma ko da gari zai ragu, ragewar da aka hango aka shirya mata ta fi wadda ta zo ba sallama.

Akwai masu cewa makiyayi ba ya ƙirguwa. Ai kuwa yana ƙirguwa, in an je masa ta hanyar da ya sani. Kowane zango yana da rijiyar da yake sha da shugaban da yake bi. Kowace shekara bayan damina dubban makiyaya suna haɗuwa a Ingal don shan gishiri, ana yi wa dabbobinsu allura a can. Idan ana iya lissafa raƙuman da aka yi wa allura, me zai hana a lissafa yaran da ke kora su? Abin da ake buƙata shi ne masu ƙidaya ƴan yankin, masu jin Tamashek da Fulatanci da Larabci, da isasshen lokaci da mota.

Ja na ƙarshe daga ɗaya gefen yake fitowa: tunda lamba kuɗi ce, me zai hana mu ƙara? Kul, ƴan'uwa. Lambar ƙarya tana ɓata awon likita, tana ɓata lissafin ruwa, kuma ranar da aka kama ta, har gaskiyarmu ba za a ƙara yarda da ita ba. Ƙari da ragi duka ha'inci ne a mudu.

Kammalawa

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma yana hannunmu. Kowane jariri a yi masa takardar haihuwa kafin ragon suna ya ƙare. Kowace rasuwa a kai rahotonta ma'aikatar magajin gari, a rubuta ciwon idan an san shi. Masu unguwanni da shugabannin zanguna su riƙe littafin gidajensu, su riƙa sabunta shi. Ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata su tattara sunayen abokan aikinsu, na nan da waɗanda suka koma garuruwansu. Malaman makaranta su ɗauko RENALOC su karanta shafin gundumar nan tare da ɗalibai, a ga wace rijiya aka manta, wane suna aka rubuta ba daidai ba. Ranar da masu ƙidaya ta biyar suka ƙwanƙwasa ƙofa kuma, a buɗe musu, a faɗi gaskiya, a raka su har bukkar ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin magini ya hau. Masu haƙa sun san zurfin kowane rami a ƙasar nan da nauyin abin da ya fito daga cikinsa, har zuwa tan na ƙarshe. Mutanen da ke zaune a bisa ƙasar sun cancanci a san su da irin wannan kulawa.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini, musamman dattawan da suka ga wannan gari tun yana ƴan bukkoki. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata.